Gran Torino: me ya raba kan masu kallo a kan tsufan Clint Eastwood?

A shekarar 2008, tun kafin kowa ya ga fim ɗin, raɗe-raɗi ya bazu cewa Clint Eastwood zai dawo a matsayin Dirty Harry, ɗan sandan nan na San Francisco da ba ya jiran alƙali. Ba gaskiya ba ne, amma da hoton talla ya fito sai ya ƙara wa jita-jitar gishiri: ga tsoho ya murtuke fuska, riƙe da bindiga, ga mota a bayansa. Da yawa daga cikin waɗanda suka sayi tikitin Gran Torino sun shiga ne da zaton za su ga dattijo ɗan shekara 78 ya share unguwa da harsashi. Abin da aka nuna musu daban ne, kuma daga nan muhawarar ta samo tushe. Wanda bai kalla ba ya sani tun yanzu cewa za a faɗi ƙarshen labarin a nan, domin a kan ƙarshen ne rabin gardamar take.

An haifi Eastwood a 1930. Duniya ta san shi ne da fina-finan kaboyi guda 3 da Sergio Leone, ɗan Italiya, ya shirya tsakanin 1964 da 1966, inda ya fito a matsayin baƙo mai ƙarancin magana da saurin hannu. A 1971 Dirty Harry ya zo ya kafa masa suna na biyu. Daga baya ya zama darakta mai daraja, har fina-finansa biyu, Unforgiven na 1992 da Million Dollar Baby na 2004, suka ci Oscar na gwarzon fim da na gwarzon darakta. Duk da haka, a idon mai kallo na gari, shi dai mutumin nan ne da in ya tsuke ido wani zai kwanta. Shekara arba'in da ɗoriya ya yi yana gina wannan siffa, kuma da ita ya shigo Gran Torino, wanda shi ne darakta, shi ne jarumi.

Labarin ba shi da kwana-kwana. Walt Kowalski tsohon soja ne da ya yi yaƙin Koriya, ya yi aiki a masana'antar motoci ta Ford har ya yi ritaya. Fim ɗin ya buɗe da jana'izar matarsa. 'Ya'yansa maza biyu ba sa ga-maciji da shi, ɗaya ma motocin Japan yake sayarwa, abin da Walt ke ɗauka tamkar cin amana. Unguwarsu da ke yankin Detroit ta sauya, turawan da ya sani sun tashi ko sun mutu, 'yan ƙabilar Hmong, mutanen Asiya, sun tare. Yana zaune a baranda da giyarsa da karyarsa Daisy, yana zagin duk wanda ya gifta. A garejinsa akwai mota ƙirar Gran Torino ta 1972, wadda ya ce da hannunsa ya ɗaura mata sandar sitiyari. Wata rana 'yan dabar unguwa suka tura Thao, yaron maƙwabta mai sanyin hali, ya sato motar don su karɓe shi cikinsu. Bai yi nasara ba. Mahaifiyarsa ta tilasta masa ya yi wa tsohon aiki don wanke kunyar gida, yayarsa Sue kuma ta riƙa jan Walt da wasa har ya fara cin abincinsu. Sannu a hankali ya zame wa Thao uban da ba shi da shi.

Ta fuskar kasuwa, jama'a sun karɓe shi hannu bibbiyu. An fara nuna shi a gidajen sinima ƙalilan a Disambar 2008, da aka sake shi a faɗin Amurka a Janairun 2009 ya hau matsayi na ɗaya da kusan dala miliyan 29 da rabi a ƙarshen mako guda. A duniya baki ɗaya ya tara kimanin dala miliyan 270. Faransa ta ba shi kyautar César ta gwarzon fim ɗin waje a 2010. Amma masu Oscar ko sunansa ba su saka a jerin 'yan takara ba, a kowane rukuni. Har yau masoyan fim ɗin suna kawo wannan a matsayin zalunci, masu sukarsa kuma suna cewa a nan dai alƙalan sun yi daidai.

Mu fara da waɗanda suka fito sinima suna jin an yaudare su. Ƙorafinsu a fili yake: an yi ta ɗana musu tarko ba a ba su nama ba. Kuma da gaske an ɗana. Akwai daren da 'yan daba suka zo jan Thao, rigimar ta malalo kan ciyawar ƙofar gidan Walt, ya fito da bindigarsa ta zamanin Koriya ya saita musu a fuska. Akwai inda ya tarar wasu samari sun tare Sue a bakin titi, ya sauko daga a-kori-kurarsa, ya cusa hannu cikin riga kamar zai zaro makami, sai ya fito da yatsu biyu ya nuna su ɗaya bayan ɗaya. Suna cikin yi masa dariya ya sake cusa hannun, wannan karon bindigar gaske ta fito. Duk wanda ya taso da kallon fina-finan akta da bos ya san me irin wannan ke nufi: ana tara maka bashi ne da za a biya a ƙarshe, ranar da jarumi zai shiga gidan miyagu shi kaɗai ya fito shi kaɗai.

Sai dai a tsakiyar fim ɗin an yi wani abu da masu wannan ƙorafi ba su cika tsayawa a kansa ba. Sau ɗaya tak Walt ya ɗaga hannu ya daki mutum. Bayan 'yan dabar sun tare Thao a hanyar dawowa daga aikin gini sun ƙona masa fuska da taba, Walt ya je har gida ya tattake ɗaya daga cikinsu ya yi masa kashedi. A wani fim ɗin Eastwood na da, wannan ya isa ya sa miyagu su shiga taitayinsu. A nan kuwa sakamakonsa shi ne suka zo da dare suka buɗe wa gidan su Thao wuta, suka kama Sue suka yi mata duka da fyaɗe. Walt ya koma gidansa, ya yi ta naushin kabad ɗin kicin har hannunsa ya yi jini, ya zauna cikin duhu. Ya gane cewa shi ya jawo. Jarumtar da mai kallo ya tafa wa minti goma da suka wuce, yarinya ce ta biya kuɗinta. A ganina wannan shi ne ƙashin bayan fim ɗin, kuma wanda ya ga wannan ya ci gaba da neman a kammala da ruwan harsashi, to tsohon fim ɗin da ke kansa yake kallo, ba wanda ke gabansa ba.

Ranar ƙarshe an nuna ta daki-daki, ba gaggawa. Ya yanke ciyawa, ya yi wanka yana busa taba, ya je shagon aski ya ce a haɗa masa da gyaran fuska, ya je wurin tela aka gwada masa kwat. Ya je coci wurin matashin fadan da matarsa ta roƙa ya sa mijinta ya yi ikirarin zunubi. Abin da ya faɗa wa fadan bai taka kara ya karya ba: ya taɓa sumbatar wata mata a bikin Kirsimeti, ya sayar da kwalekwale bai biya haraji ba, bai ja 'ya'yansa a jiki ba. Ikirarin gaske ya zo ne bayan haka, lokacin da ya yaudari Thao zuwa ɗakin ƙarƙashin ƙasa ya kulle shi don kada ya bi shi ɗaukar fansa. Ta bayan ƙofar raga, mai kama da shingen da ke tsakanin fada da mai tuba, ya gaya wa yaron yadda ya harbe wani ƙaramin soja a Koriya wanda ke neman miƙa wuya, kuma aka ba shi lambar yabo. Sannan ya ɗaure karyarsa a ƙofar tsohuwar gidan maƙwabta, ya tafi. A ƙofar gidan 'yan dabar ya ɗaga murya har maƙwabta suka leƙo, ya sa taba a baki, ya cusa hannu cikin riga kamar yadda ya yi a bakin titi. Suka buɗe masa wuta. Laita ce a hannunsa. Bai zo da makami ba, ga shaidu sun gani, 'yan sanda suka kwashe su.

Dabarar ba za ta ci ba in da wani ɗan wasa ne. Da za a sa wani dattijo da ba a san shi da bindiga ba ya cusa hannu a riga, mai kallo ba zai ɗauke numfashi ba. Mu da 'yan dabar kuskure ɗaya muka yi, dukkanmu mun yi zaton Dirty Harry ne a tsaye. John Wayne, shahararren ɗan wasan fina-finan kaboyi, ya yi makamancin haka a The Shootist na 1976, fim ɗinsa na ƙarshe, inda ya fito a matsayin tsohon ɗan bindiga mai ciwon daji, har aka buɗe fim ɗin da gutsattsarin tsofaffin fina-finansa. Don Siegel ne ya ba da umarninsa, mutumin da ya yi Dirty Harry. Bambancin shi ne Wayne ya mutu yana harbi, Eastwood kuwa ya hana mai kallo ko da harsashi ɗaya.

Akwai kuma masu cewa ƙarshen ya yi, amma an cika masa gishiri. Walt ya faɗi rigingine, hannuwa a buɗe, siffar gicciye sak, bayan ya fara karanta addu'ar Katolika. Ga shi an riga an nuna yana tarin jini, an nuna takardar asibiti, wato mutumin da ya sadaukar da ransa dama kwanansa ya kusa ƙarewa. Waɗansu na ganin wannan ya rage wa sadaukarwar nauyi. Wannan suka tana da ƙamshin gaskiya, Eastwood bai taɓa zama mai rufa-rufa da saƙonsa ba. Da aka zo rufe fim ɗin ma sai ga muryarsa mai kaushi tana rera baitin farko na waƙar ƙarshe. An sa waƙar a takarar Golden Globe, amma masu kallo da dama sun ce a nan ne hawayensu ya koma dariya.

Ƙorafin da ya fi yawo a bakin jama'a shi ne na wasan yaran. Bee Vang, wanda ya fito a Thao, da Ahney Her, wadda ta fito a Sue, matasa ne 'yan makaranta da ba su taɓa fitowa a babban fim ba, haka ma yawancin 'yan Hmong ɗin da aka ɗauko daga cikin al'ummarsu. Eastwood kuma an san shi da ɗaukar fitowa sau ɗaya ko biyu ya wuce, ba ya son maimaici. Ƙwararre zai iya da haka, sabon shiga kuwa an jefa shi ruwa ne ba a koya masa iyo ba. Inda Thao ke jijjiga ƙofa yana ihu a buɗe masa, nan ne aka fi yi wa ba'a. Ni dai laifin darakta nake gani fiye da na yaron. Masu kare fim ɗin suna cewa rashin gogewar ta sa sun fi kama da mutanen gaske. Ga Sue wannan ya yi aiki, ga Thao bai cika yi ba.

Sai babbar magana, wadda ta fi sauran tsawon rai: bakin Walt. Tun daga farko har ƙarshe ba ya kiran ɗan Asiya da sunan kirki. Sunayen wulaƙanci iri-iri yake jerawa, irin waɗanda sojojin Amurka suka yi amfani da su a Koriya da Vietnam, kuma ko bayan ya ƙaunaci yaran bai daina ba. Sunan Thao ma da gangan yake karkatar da shi. A gidajen sinima an yi ta dariya.

Masu goyon baya suna da hujjarsu. Suna cewa haka tsofaffin ma'aikatan masana'anta na wancan zamani suke magana, kuma fim ɗin da zai sa tsohon sojan Koriya ya riƙa tauna kalma kafin ya furta ƙarya ne. Suna nuna wurin mai aski, inda Walt, wanda asalinsa ɗan Poland ne, da mai askin, ɗan asalin Italiya, suke gaisawa da zagin ƙabilun juna cikin raha, kamar dai wasan Fulani da Barebari. Suna cewa a duba aikinsa, kada a tsaya kan bakinsa: ɗan cikinsa da surukarsa masu ladabin harshe ƙasidun gidan tsofaffi suka kawo masa ranar zagayowar haihuwarsa, jikarsa kuma tun a zaman makoki take tambayar wa za a bar wa motar, shi kuwa mai zagin ya ba da ransa saboda yaran maƙwabta, ya bar wa Thao motar a wasiyya.

Hujjar ta yi rauni a wuri ɗaya. Wasan da ke tsakanin Walt da mai aski na tsara ne, kowa na da bakin ramawa, kuma babu wanda ake kora daga ƙasar saboda kakansa ɗan Poland ne. Thao ba ya ramawa. Kansa a sunkuye yake ana zuba masa, kuma an tsara fitowar ne yadda zagin zai zama abin dariyar. A Fabrairun 2021, lokacin da hare-hare kan 'yan asalin Asiya suka ƙaru a Amurka a zamanin annobar korona, Bee Vang da kansa ya rubuta maƙala a shafin NBC News. Ya tuna yadda turawan da ke cikin sinima suka riƙa ƙyalƙyala dariya a kan waɗannan kalmomi, yadda in ya yi magana ake ce masa ai wasa ne, kuma ya zargi fim ɗin da mayar da wariyar da ake yi wa 'yan Asiya abin yau da kullum. Ba baƙo ne ke faɗa ba, wanda aka zuba wa zagin a gaban kyamara ne.

Don a fahimci zafin abin, sai an san su wane ne Hmong. Mutanen tsaunuka ne da suka bazu a kudancin Sin, Laos, Vietnam da Thailand. A lokacin yaƙin Vietnam hukumar leƙen asirin Amurka, CIA, ta ɗauki dubbansu aikin soja a ɓoye a Laos, ƙarƙashin Janar Vang Pao. Da 'yan gurguzu suka karɓi mulki a 1975, waɗanda suka taya Amurka yaƙi suka zama abin farauta, suka tsallaka kogin Mekong zuwa sansanonin gudun hijira a Thailand, daga nan aka kwashi da yawa zuwa Amurka. Sun fi yawa a California, Minnesota da Wisconsin. Marubucin labarin, Nick Schenk, ɗan Minnesota ne, a can ya yi aiki tare da su a masana'anta, kuma a can ya fara ajiye labarin. An mayar da shi Michigan ne saboda rangwamen harajin da jihar ta fito da shi a 2008 don jawo masu shirya fim. Gran Torino shi ne babban fim ɗin Hollywood na farko da ya sa 'yan Hmong a gaba. Ga al'ummar da yawancin Amurkawa ba su ma san sunanta ba, wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma da yawansu sun yi alfahari da shi. Amma wasu suka tambaya: da aka ba mu dama sau ɗaya, me aka nuna? Samarinmu ko 'yan daba ne ko raggwaye, dattawanmu ba su da katabus, sai an jira tsohon bature ya zo ya koya wa yaronmu zama namiji, ya sama masa aiki, ya mutu dominmu. Mutanen da suka yi shekaru suna yaƙi a dajin Laos, a fim an mayar da su masu jera furanni da abinci a matakalar gidan mai ceto.

Abin da na lura shi ne yabo mafi ƙarfi da suka mafi ƙarfi daga rijiya ɗaya suke sha. Ƙarshen fim ɗin ya ratsa mutane ne saboda Eastwood ne, mun san shi, mun yarda da shi tun muna yara. Zagin ma ya wuce salin-alin ne saboda Eastwood ne. Da wani ɗan wasa mara farin jini ne ya furta waɗannan kalmomi, da sinima ta yi tsit, mai kallo ya ji ƙyamar da ta kamata. Fim ɗin ya yi amfani da ƙaunar da ake wa jaruminsa ya tuhumi bindiga, kuma ya yi nasara. Bai yi wa harshe irin wannan tuhumar ba. Dukan da Walt ya yi ya jawo bala'i, zaginsa kuwa bai jawo masa komai ba sai ƙarin farin jini, har a wasiyyarsa lauya ya karanto shi ana murmushi.

Lokacin fitowarsa ma ya taka rawa a yadda aka karɓe shi. Wata guda kafin nan aka zaɓi Barack Obama. A watan da fim ɗin ya fito gwamnatin Amurka ke ba kamfanonin motoci na General Motors da Chrysler bashin ceto, kuma a 2009 duka biyun suka shiga kotun fatara. Highland Park da ke yankin Detroit, inda aka ɗauki yawancin fim ɗin, nan ne Henry Ford ya kafa layin haɗa motoci mai tafiya a 1913, amma a 2008 gari ne na gidajen da aka ƙaurace wa. Ga Ba'amurken da ya ga masana'antar garinsu ta rufe, Walt ba mugun tsoho ba ne, babansa ne ko kawunsa, kuma motar da ke gareji shaida ce ta zamanin da ƙasar ke ƙera abin da take hawa. Shi ya sa masu ra'ayin riƙau suka ga fim ɗin yabo ne ga aiki tuƙuru da tsare mutunci, masu sassaucin ra'ayi kuma suka ga labarin tsohuwar Amurka ce ke miƙa makulli ga 'ya'yan baƙi. Kowa ya fita da nasa, kuma da wuya fim ya tara irin wannan kuɗi in bai ba ɓangarorin biyu abin riƙewa ba.

An ɗauka wannan ne ban-kwanansa da fitowa a fim, amma ya dawo. The Mule na 2018, wanda shi ma Schenk ne ya rubuta, ya samu kasuwa sosai, ya haura dala miliyan 170. Cry Macho na 2021 kuwa bai mayar da kuɗin da aka kashe masa a sinima ba, ko da yake an sake shi a manhajar kallon fina-finai ta HBO Max a rana ɗaya da sinima, kuma korona ba ta gama sakin mutane ba. Yana da shekara 91 a lokacin, ya fito a matsayin tsohon mahayin dawaki da aka aika Mexico ɗauko wani yaro. Tsarin kusan ɗaya ne, tsoho da yaron da ba nasa ba, da huɗuba a kan cewa taurin kai ba shi ne mazantaka ba. Amma masu kallo da yawa sun kasa gaskata naushin da ya kai wa wani saurayi, da matan da aka nuna suna rububinsa. A Gran Torino, in ya cusa hannu a riga ana jin tsoro, don haka ajiye makamin zaɓi ne da ya yi. A Cry Macho ƙarfin ya riga ya tafi, babu abin da zai ajiye. Fim ɗinsa na 2024, Juror #2, bayan kyamara ya tsaya, ya bar wa Nicholas Hoult jarumtar.